Sabuwar Rigar da Ta Ƙi Wari

Talata, da hantsi

Farfesa ta ce in na ƙara cewa ɗakinmu yana warin shagon mai cire haƙori za ta tattara ta koma gidan ƙawarta. Na ce ta koma mana, gadon ma ya huta da minshari. Jikata ce ta wajen ɗana, tana shekara ta biyu a jami'a, labule ne kawai tsakanin gadona da nata. Ni na laƙa mata Farfesa tun ranar da ta shigo da farar riga da wani tabarau irin na mai walda. Littafin nan ma ita ta ba ni, wai in riƙa rubutu kada ɗan karatun da na yi a ajin manya ya zube. Rubutuna kamar kaza ta taka tawada, amma ai ni nake karanta abina.

Bana malamarsu ta ce ba za ta riƙa ba su aiki a baki ba. Kowane mutum biyu su zaɓi abin da za su bincika, su bi shi har ƙarshen zango. Ita da abokiyar aikinta, wata doguwar yarinya da nake kira Aku don ko tana cin abinci bakinta bai san hutu ba, sai suka zaɓi kanumfari. Nawa kuwa, na cikin gwangwani. Sun tatse mansa da tururi, sun haɗa shi da wani ruwa mai tsami, wai in an dace zai koma ƙwayoyi farare kamar gishiri. Na ce, “To ku sayi gishirin mana, ku bar mini kanumfarina.”

Sau ɗaya ya daskare musu, ɗan mitsitsi a gindin wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. Sauran duk yana babbar kwalba, ya tsaya a mai, ya ƙi daskarewa. Ta ce, “Kaka, in aka jefa ƙwaya ɗaya a cikin man, sauran sai su yi koyi da ita. Iri ake ce masa.” Na ce ashe har mai ya fi wasu jikoki jin magana. Gobe za su jefa irin.

Kullum ta dawo ni nake karɓar rigar, in toshe hanci, in rataye ta a ƙusar bayan ƙofa. Kanumfari da tsami. Har a hijabin sallata nake jin sa.

Laraba, bayan magariba

Ta dawo. Da ƙafarta ta dawo, alhamdu lillahi.

Alhamis, da safe

Ba ta dawo da rigar ba. Ƙusar tana nan tsirara.

Ni na wanke mata kai, kamar tana yarinya. Sau nawa na sa sabulu, warin hayaƙin bai fita ba. Ko tsiya ban yi mata ba. Uwarta ta tsaya a bakin banɗaki da tawul, ta rasa abin da za ta yi da shi.

Aku tana asibiti. Hannun dama ne, daga yatsu zuwa gwiwar hannu. Da rigar Farfesa aka naɗe shi.

Asabar, da azahar

Malamarsu ta kira uwarta a waya. Ta ce an duba, ba laifin kowa ba ne, na'urar ɗumama kwalbar ce ta yi tartsatsi. Ɗana ya ce to shi ke nan, Allah ya kiyaye gaba. Shi a garejinsa in an gano abin da ya lalace magana ta ƙare. Ya sayo mata sabuwar riga, fara ƙal, a cikin leda. Ta ce na gode Baba. Ta riƙe ledar kamar an ba ta kifin da ya kwana.

Na ƙyasta ashana zan kunna risho, na ji ta ajiye cokali ta fita. Yanzu sai na leƙa na ga ba ta kusa nake kunnawa.

Litinin, da la'asar

Ta koma makaranta. Ta dawo, na karɓi rigar, na toshe hanci don sabo, sai na ji ban ji komai ba. Warin sabon yadi. Na ce wataƙila yau karatun allo kawai suka yi.

Laraba, da la'asar

Warin sabon yadi.

Alhamis, da la'asar

Sabon yadi. Har karin ninkin leda yana nan a kafaɗa.

Na ce, “Farfesa, yaya 'yan gishirinmu?” Ta ce, “Suna nan, Kaka.” Na ce, “Aku fa?” Ta ce an sallame ta. Na ce kin je? Ta juya fuska bango. Wayarta ta yi ta haske a kan filo, ta kife ta.

Ni dai hancina bai tsufa ba. Duk jikina shi kaɗai ya rage da sauran ƙuruciya.

Asabar, bayan magariba

Ana cin abinci ubanta ya ce, “Yaya ɗakin gwajin, an gyara?” Na ga ta mayar da lomar cikin kwano. Sai na ɗauko labarin maƙwabciyarmu da haƙoran robanta suka faɗa rijiya, na ja shi, na ƙara masa gishiri, har na sa aka tsamo su a bakin kwaɗo yana murmushi. Yaran suka yi ta birgima. Ɗana ya ce, “Inna, Allah ya shirye ki.” Na ce ya makara da addu'ar.

Ya manta da tambayarsa. Ita ba ta yi dariya ba, amma da muka shiga ɗaki ta gyara mini bargo, abin da ba ta taɓa yi ba sai in tana son wani abu. Ba ta nemi komai ba.

Talata, da yamma

Yau na je jami'a. In rubuta da kyau don a san ni ma na shiga.

Ta bar tabaraunta na walda a kan taga, sai na ce ai dole a kai mata. Mai gadi ya nuna mini ginin. Dogon baranda ne, ƙofofi a jere, kowace da ɗan gilashi daidai fuska. A bango akwai bokitin yashi ja, da wani kan famfon wanka a sarari, ba labule ba komai, da sarƙa a rataye. Na leƙa. Dogayen tebura baƙaƙe, kwalabe masu dogon wuya a ɗaure da ƙarfe, wasu akwatunan gilashi a jikin bango suna ta huci kamar saniya. Yara bibbiyu, kowa da tabarau. A tebur na ƙarshe kusa da taga ba kowa. An sake masa fenti, ya fi sauran baƙi.

Malamarsu ta fito. Ƙaramar mace ce, da na gan ta a kasuwa cewa zan yi an aiko ta. Na faɗi ko ni wace ce. Ta ja ni gefe ta ce, “Mama, tun ranar ba ta tsallako ƙofar nan ba. Babbar kwalbarsu tana firji, ba abin da ya same ta. Ƙarshen wata nake rufe ɗakin. Ni ba sai ya daskare ba, ko ya ƙi ta zo ta gwada da hannunta ta faɗi abin da ta gani, wannan ma bincike ne. Amma ba zan iya ba kujera maki ba. In ta rasa wannan darasin ba ta wucewa gaba, kuma ta riga ta ce mini barin karatun za ta yi.”

Barin karatun. Mu a gida ba wanda ya ji wannan.

A matattakalar bayan ginin na same ta, rigar a ninke a cinya. Na zauna kusa da ita, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na miƙa mata tabarau na ce, “Kin manta idanunki.”

Ta ce, “Ni na ce wa Aku riƙe mini, ina zuwa. Ƙanƙara na je ɗaukowa. Wurina ne ta tsaya, Kaka.”

Na ce malamarku ta ce na'ura ce. Ta ce ta ji. Na ce to ki shiga ki ƙarasa. Ta ce, “Da me? Irin ya ɓace ranar. Ba iri, ba abin da zan shiga yi.” Ta faɗe shi da sauri, kamar wadda ta daɗe tana haddace shi.

Laraba, da safe

Barin karatun. Yarinyar da ta koya mini bambancin ƙ da k da bulalar tsintsiya.

Alhamis, da hantsi

Ban gaya wa ubanta ba. Ban gaya wa uwarta ba.

Jiya na yi ta juya maganar irin. Ni a sanina iri ba ya ɓacewa gaba ɗaya, kullum akwai wadda ta ɓoye kaɗan a ƙullin zane. In yana hannun wani, hannun Aku ne. Uwar Farfesa ta san unguwarsu, na tambaye ta da sunan zan je dubiya. Ba ƙarya na yi ba, rabin gaskiya ce.

Juma'a, da la'asar

Na je. Bene ne, hawa na uku, na yi ta tsayawa ina gaida bango.

Aku tana zaune a kan kujera, hannun a naɗe fari har gwiwa, an ɗora shi a kan filo kamar jariri. Ta rame. Amma bakin yana nan da ransa. “Kaka! Ke kaɗai? Ina matsoraciyar jikarki? Na kira ta har wayata ta gaji da ni. Ni na ƙone, ita take jinya!” Uwarta ta harare ta. Ta yi dariya, sai dariyar ta karye a tsakiya, ta kalli taga.

Na ce na zo roƙon iri. Ta zaro ido. Ashe 'yar kwalbar tana aljihun rigarta ranar, a asibiti aka tsinto ta. Tun a gadon asibitin ta sa uwarta ta kai ta firji, tana nan a jikin ƙofa tsakanin magunguna. “Na rubuta mata, Kaka. Ba ta buɗe saƙona.”

Uwar ta ɗauko. Na ɗaga ta a haske. Ƙwayoyi ne farare, sirara, kamar an aske gashin farar kyanwa. Duk wannan tashin hankalin a kan abin da atishawa ɗaya za ta kwashe.

Suka sa ta a kofin roba, suka zuba ƙanƙara. Aku ta ce, “Kaka, don Allah kada ki bari ya ji zafi.” Na ce an gama.

A mota aka matse ni tsakanin wani mai buhu da wata mai goyo. Ƙanƙarar ta fara narkewa tana ɗiga a zanena, 'yar kwalbar tana iyo, rana kuma ta shigo ta taga ta sauka daidai kan kofin. Na ce yarinyar nan ta ce kada ya ji zafi. Sai na tsamo ta na goge, na cusa ta can cikin rigata, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, inda duk abin da nake ji da shi yake kwana. Na dafe da hannu har gida.

Juma'a, bayan magariba

Ba zan rubuta ba yau.

Asabar, da safe

To, in rubuta.

Na shiga ɗaki ina taƙama, na ce, “Farfesa, rufe ido.” Na zaro na ɗora mata a tafin hannu. Ta buɗe. Ta gane rubutun Aku a jikin murfin. Ta ɗaga kwalbar a fitila. Ba ƙwaya ko ɗaya. Ɗigon mai ne rawaya-rawaya yana gangarawa a gindi.

“A ina kika sa shi?”

Na nuna.

“Kaka! Kin dafa mana shi! Ɗumin jiki ma narkar da shi yake yi! Shi ke nan fa wanda muke da shi, shi ke nan!”

Tun Larabar gobarar nan ban ji muryarta ta kai rufin ɗaki ba sai jiya. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce wa ya aike ni. Uwarta ta leƙo, na ce mata rigimar bargo ce. Na ce to a jefa shi a firjinmu mana ya koma. Ta ce kusa da madarar yara? Ta ce ba haka ake yi ba, sai an nitsa shi cikin ƙanƙara da gishiri, a riƙa kankare cikin kwalbar da sandar gilashi a hankali, wataƙila ya dawo tunda shi mai tsabta ne, wataƙila kuma ya ƙi. Tana faɗa hannunta yana yin kankarar a iska, ba ta ma sani ba.

Na ce, “Ina ake samun sandar?”

Ta ja labule.

Ni da na yi shekaru ina dafa abinci ban taɓa ƙona ko ruwan zafi ba, yau na dafa binciken jami'a da ƙirjina. Na so in faɗa mata haka ta yi dariya. Labulen bai motsa ba.

Lahadi, da azahar

Ba ta yi mini magana. 'Yar kwalbar tana kan taga cikin kofin ruwan sanyi, ita take canja ruwan. Ta ɗauka ban gani ba.

Litinin, da la'asar

Sabon yadi. Wata ya kusa mutuwa. Alhamis ake rufe ɗakin.

Talata, da yamma

Ɗana ya ga kofin a taga ya ce mene ne wannan. Na ce maganin haƙorina. Ya ce, “Inna, wane haƙorin?” Ko wannan ban iya ramawa ba.

In Alhamis ta wuce dole in gaya masa. Na gwada maganar a bakina a banɗaki, ta ƙi fitowa daidai. Da can tana da hujja ɗaya, ba iri. Na je na kawo irin na kashe shi a gabanta. Ban san ko ƙofa na buɗe mata ba ko na ƙara mata sakata.

Na ari wayar uwarta na kira gidan su Aku don in ba da haƙuri. Na faɗi abin da na yi. Sai na ji yarinyar ta fashe da dariya har tana cewa wayyo hannuna. Ta ce, “A ina, Kaka? Sake faɗa!” Ban sake ba. Marar kunya.

Laraba, da hantsi

Da sassafe aka buga ƙofa. Aku ce, hannu a rataye a wuya, tsohuwar farar rigarta a kafaɗa, hannun rigar guda an yanke shi. Uwarta tana waje a mota.

Farfesa ta fito daga bayan labule ta daskare. Da man nan zai yi koyi da ita da an huta. Idonta a kan bandejin, ta kasa ɗagawa.

Aku ta ce, “Ke, kalle ni nan, fuskata ba ta ƙone ba. Yatsun ma suna motsi, ga su, likita ya ce zan mari mutum kafin shekara, kuma na san wanda zan fara da ita.”

“Ni na ce ki...”

“Kin ce, na riƙe. Da ni na je ɗauko ƙanƙarar da ke ce a naɗe, ni kuma da tuni na cinye miki kayan dubiya. Ina irin da Kaka ta yi wa goyo?”

Na nuna taga. Ta ɗauko da hagu, ta ɗaga, ta karkata shi, ta ce zai yi. Sai ta miƙa wa Farfesa.

“Hannuna ba ya kama sanda. Riƙe mini.”

Na ji kamar an zare iska daga ɗakin. Na shiga neman takalmina da ke ƙafata. Da na ɗago, kwalbar tana hannun Farfesa, ta sa ta a kofi, tana tambayar uwarta ko akwai ƙanƙara. Ta ɗauki rigar daga ƙusa. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Kaka, ke kam kada ki ƙara taɓa komai.” Na ce ko an roƙe ni.

Laraba, da azahar

Na share ɗakin. Na sake sharewa. Ƙofar gilashin nan nake ta gani, da teburin da ya fi sauran baƙi. Matattakalar bayan ginin ma tana ɗaukar mutum biyu.

Laraba, da la'asar

Shiru.

Laraba, bayan magariba

Ta dawo a makare, shatin tabarau ya kewaye mata ido kamar mujiya. Ta ce ta tsaya a bakin ƙofar har Aku ta fara ba malamarsu labarin inda na sa kwalbar, da ƙarfi, gaban kowa, sai ta shiga don ta toshe mata baki. Ta ce ta yi ta kankara har ta fid da rai, sai ga wani ɗan fari ya tsiro a jikin gilashin. Sun jefa shi a babbar kwalba. Rabi ya kama, rabi yana nan a mai, gobe za su tace su auna su faɗi abin da suka gani. Ta ce malamar ta ce a gaida ni, wai a rahoton su rubuta cewa an tabbatar da zafin da yake narkewa ta wata hanya da ba ta cikin littafi.

Na miƙa hannu ta ba ni rigar. Akwai ɗigon rawaya a aljihu, wuyan ya yi datti. Kanumfari da tsami, har ya hau mini kai.

Na ce, “Kai, wannan wari! Wa zai kwana da wannan a ɗaki?”

Ta ce, “In kai ta waje?”

Na ce ta bar mini ita a ƙusa.